James Naismith: Marayan da ya Kafa Kwando Biyu ya Riƙe Usur

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya je kallon wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando tsakanin sassa a zangon da ya wuce ya san ni, ko da bai san sunana ba. Ni ne mai lamba bakwai ɗin nan da ya doka ƙwallo da ƙasa ana saura daƙiƙa goma sha tara a tashi. Muna da maki 41, su suna da 39. Rafali ya hura mini ƙeta wadda har gobe ina ganin ban yi ba, kuma ita ce ta huɗu a kaina. Raina ya ɓaci, na maka ƙwallon da ƙasa har ta yi sama ta wuce allo, na kuma juya na gaya wa bawan Allah wata kalma da edita ba zai bari ta fito a mujallar nan ba. Bai ce mini uffan ba. Hannuwa kawai ya haɗa ya yi alamar harafin T, ya juya wajen tebur. Takanikal ke nan, wato laifin rashin ɗa'a.

Abin da ya biyo baya kun gani. Aka ba su jifan kyauta guda ɗaya, suka jefa, ya zama 41 da 40. Aka ce mini in fita, domin takanikal ɗin ya cika mini laifi biyar. Aka mayar musu da ƙwallo tunda dama a hannunsu take, ina zaune a benci suka zura ta maki biyu, aka tashi 42 da 41. Ba don maki ɗayan nan da bakina ya ba su ba, da kunnen doki za a yi a je ƙarin lokaci.

Rigimar da ta ɓarke a gaban tebur ita ma abin kallo ce. Magoya bayanmu suna ihu wai takanikal ba ya shiga cikin ƙidayar laifin ɗan wasa, don haka fitar da ni zalunci ne. Nasu kuma suna cewa su aka cuta, jifa biyu ya kamata a ba su ba ɗaya ba. Ni kaina na kwana ina faɗa wa 'yan ɗakinmu cewa dokar nan rafaliyoyi ne suka ƙirƙiro ta don kada a taɓa musu girma. Abokina ɗan Gwaram, wanda gadonsa ke kusa da nawa, ya gaji da mitata ya ce in je in karanta tarihin wanda ya ƙirƙiro wasan, in na dawo mu yi gardama da hujja. Da aka yi hutu na koma gida Birnin Kudu na zauna da waya na yi ta karatu don in ƙure shi. Ban samu abin ƙure shi ba. Mutumin dai na samu, shi ne kuma nake so in ba ku labarinsa.

Sunansa James Naismith. An haife shi ranar 6 ga Nuwamba 1861 a karkarar Almonte da ke lardin Ontariyo a ƙasar Kanada, kuma asalin iyayensa mutanen Sikotland ne. A 1870, yana dab da cika shekara tara, zazzaɓin taifot ya ɗauke mahaifinsa da mahaifiyarsa, 'yan makonni tsakani. Shi da yayarsa da ƙaninsa suka koma hannun kakarsu ta wajen uwa. Ita ma ba ta daɗe ba ta rasu, riƙonsu ya faɗa kan kawunsu Peter Young, manomi. Don haka rayuwar gona ya tashi a ciki: kora dawakai, saran itace, tafiyar ƙasa zuwa makaranta cikin sanyin da mu nan ko a tsakiyar hunturu ba mu taɓa ganin irinsa ba.

Akwai wani wasa da yaran ƙauyensu suke yi wanda ya kamata mai karatu ya riƙe, don zai dawo a gaba. Sukan ɗora ƙaramin dutse a kan wani babban dutse, yaro ɗaya ya tsaya gadi, sauran su riƙa jifa don su kado shi. In ka yi jifa ka kuskure, dole ka je ka ɗauko dutsenka ba tare da mai gadi ya taɓa ka ba. To a nan dabarar take. Wanda ya yi jifa da ƙarfi kai-tsaye, dutsensa zai yi nisa, kafin ya ɗauko an kama shi. Gwanaye sai su cilla nasu sama a hankali ya lanƙwaso ya faɗo kan abin da ake hari. Da na karanta wannan dariya na yi, domin duk yaron da ya tashi a gindin duwatsun Birnin Kudu ya ɗora gwangwani a kan fa ya jefa. Mu dai ba mu mayar da namu komai ba.

Karatu bai zo masa da sauƙi ba. Yana wajen shekara goma sha biyar ya bar sakandare ya shiga daji aikin saran katako, ya yi shekaru a can. Sai daga baya ya dawo aji ya zauna da ƙannensa, ya gama sakandare a 1883 yana da shekara 21. Ina ambaton wannan ne saboda na san a cikinmu akwai waɗanda suka yi shekaru a kan babur ko a shago kafin su zo neman difloma, suna jin kunyar a tambaye su shekarunsu. Daga nan ya tafi Jami'ar McGill a birnin Montiriyal, inda ya yi fice a wasanni, musamman ragbi, wasan nan na ƙarti da ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ana kayar da juna. Da ya gama digiri sai ya shiga kwalejin horar da limaman coci ta ɗariƙar Firesbiteriya, ya kammala a 1890. Kowa a gidansu ya sa rai fasto zai zama.

Wani ɗan abu da ya faru a filin ragbi ne ya karkatar da shi, kuma wallahi da na zo wurin sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru. Ana tsakiyar wasa wani abokin wasansa ya fusata ya saki ashar. Da ya waiga ya ga Naismith a gefensa, sai kunya ta kama shi ya ba shi haƙuri, alhali Naismith bai ce masa komai ba, kuma a dajin katako ya ji abin da ya fi wannan muni. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ga cewa mutum mai kamun kai zai iya gyara halin samari a filin wasa fiye da yadda zai gyara su daga kan mumbari. Sai ya ajiye maganar riƙe coci, abin da bai yi wa yayarsa daɗi ba ko kaɗan, ya tsallaka Amurka a 1890 zuwa makarantar horar da ma'aikata ta ƙungiyar matasa Kiristoci, YMCA, a garin Springfield na jihar Masacusets. Ku duba fa: ashar a fili ce ta fara tura mutumin nan hanyar da ta haifi ƙwallon kwando, ni kuma da ashar na zubar da kofi.

A ƙarshen 1891, yana ɗan shekara 30 yana koyarwa a makarantar, aka sami matsala da wani aji mai mutum 18. Manyan samari ne, lokacin sanyi ya hana su fita fili, kuma sun tsani atisayen motsa jiki da ake sa su yi a cikin zaure. Malamai biyu sun gwada su sun kasa. Shugaban sashen, Dakta Luther Gulick, ya danƙa wa Naismith ajin, ya ba shi kwana 14 ya samo wasan da za a yi a cikin ɗaki, wanda zai gajiyar da su ba tare da an karya wani ba. Ya fara da gwada wasannin da ya sani, ya rage musu kaifi: ragbi, ƙwallon ƙafa, da wani wasan sanduna na ƙasarsu. Duk suka watse, ko dai a ji ciwo ko samarin su ƙi yi.

Da kwanakin suka kusa ƙarewa sai ya zauna ya bi abin daga tushe, kuma wannan tunanin nasa shi ne ya fi burge ni a duk tarihinsa. Ya tambayi kansa me ke kawo kayar da mutum a ragbi. Amsar ita ce gudu da ƙwallo: in mutum yana gudu da ita, ba yadda za a tsayar da shi sai an cafke shi. To a hana gudu da ƙwallo, dalilin cafka ya tafi. Saura raga. In raga tana tsaye a ƙasa kamar ta ƙwallon ƙafa, mai ƙarfin jifa ne zai ci, kuma masu tsaro za su yi cincirindo a bakinta a yi ta gwabzawa. Nan ya tuna wasan dutsen yarintarsa. Ya ce a ɗaga ragar sama da kan kowa, bakinta yana kallon sama, yadda ƙarfi ba zai yi amfani ba sai an lanƙwaso jifa. Ya nemi mai kula da ginin ya ba shi akwati biyu, mutumin ya duba bai samu ba, ya kawo masa kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace, kusan irin waɗanda ake cika wa tumatir a kasuwar Sara. Ya kafa su da ƙusa a jikin barandar zauren, wadda tsayinta ya kama ƙafa goma, wato mita 3.05. Har yau a wannan tsayin zoben yake, a NBA da kuma a filinmu, in dai wanda ya yi mana walda ya auna daidai.

Ranar 21 ga Disamba 1891 aka buga wasan farko, mutum tara-tara, da ƙwallon ƙafa. Ci ɗaya tak aka yi, wani ɗalibi William Chase ya jefa. Kwandon da gindinsa, saboda haka duk ci sai an hau an ciro ƙwallo. Kada kuma wani ya ɗauka samarin sun bi tsari don an ce musu wasan lumana ne. A wata hira da aka yi da Naismith a rediyo a 1939, ya ba da labarin yadda gwajin farko ya rikiɗe ya zama dambe, aka tashi da kumburarrun idanu, wani kafaɗarsa ta goce, wani ya suma. Wani ɗalibinsa, Frank Mahan, ya ba da shawarar a sa wa wasan sunan Naismith, ya ƙi, aka tsaya a kan ƙwallo da kwando.

Dokokin da ya rubuta guda 13 ne, shafi biyu da aka buga da tafireta aka manna a allon sanarwa. Ranar 15 ga Janairu 1892 suka fito a mujallar makarantar mai suna The Triangle, wadda ake aika wa rassan YMCA, kuma ta nan wasan ya bazu. Mujallar makaranta fa, irin wannan da ke hannunku. Masu nannaɗe ƙosai da tamu sai su kiyaye.

Na karanta dokokin nan ɗaya bayan ɗaya ina neman inda zan kafa hujjata, sai na tarar kusan rabinsu a kan laifi da hukunci da aikin alƙalai suke. An hana bangaza da kafaɗa, riƙo, turi, taɗiya da duka. In ka yi sau ɗaya an rubuta maka laifi. In ka sake, za ka fita fili har sai an ci ƙwallo ta gaba. In kuwa ta bayyana da niyyar jin ciwo ka yi, ka fita ke nan har a tashi, kuma ba a sa wani a madadinka. Sai doka ta bakwai, wadda ita ce ta kashe mini baki: in ƙungiya ta yi laifi uku a jere, ɗaya ɓangaren bai yi ko ɗaya a tsakani ba, to a rubuta wa abokan karawarta ci ɗaya. Ba jifa, ba komai, alƙalami kawai. A wasan da ake tashi ɗaya da nema, ku auna nauyin wannan. Ashe tun ranar farko mai wasan ya ɗaura rashin ɗa'a da takardar maki, yadda laifin mutum ɗaya zai ci ƙungiyarsa gaba ɗaya.

Gaskiya ɗaya zan faɗa don kada in yi wa tarihi ƙari: a cikin dokokin 13 babu inda aka ambaci zagin alƙali, kuma babu kalmar takanikal. Amma kakanta yana nan a doka ta tara. Mai jefo ƙwallo daga waje daƙiƙa biyar aka ba shi, kuma in ƙungiya ta nace da ɓata lokaci, alƙali zai hura mata laifi. Laifi ke nan da ba a taɓa jikin kowa ba, wasan kansa aka yi wa. Ya kuma raba aikin alƙalanci biyu. Ɗaya yana lura da mutane, yana ƙirga laifi, yana da ikon fitar da ɗan wasa. Ɗayan yana lura da ƙwallo da lokaci, shi ke tabbatar da ci ya kuma rubuta. Mu a wasanmu na ƙarshe mutum ɗaya muka sa ya yi duk wannan a cikin fili, ga ɗaruruwan ɗalibai suna masa ihu a ka, a tebur kuma ɗalibi ɗaya da biro da agogon waya.

Lissafin maki bai daɗe a yadda ya fara ba. A 1894 aka shigo da jifan kyauta a matsayin hukuncin laifi, maimakon kyautar ci ta alƙalami. Zuwa 1896 aka tsayar da cewa cin da aka yi ana cikin wasa maki biyu ne, jifan kyauta maki ɗaya. Da farko kowace ƙungiya tana da gwaninta da ke jefa mata duk jifan kyauta, sai a shekarun 1920 aka ce wanda aka yi wa ƙeta shi zai jefa da kansa. Takanikal ne kawai ya riƙe tsohuwar al'adar, tunda ba wanda aka taɓa: koci ne ke zaɓar mai jifa, shi ya sa ranar nan suka turo mana wanda hannunsa ba ya kuskure. An kuma rage 'yan wasa zuwa biyar-biyar, aka huda gindin kwando, aka kafa allo a bayansa saboda 'yan kallo da ke baranda suna miƙo hannu suna kaɗe ƙwallo. Jifan maki uku kuwa Naismith bai gan shi ba. Wata gasar ƙwararru a Amurka mai suna ABL ce ta fara shi a 1961, NBA ta karɓa a 1979, hukumar ƙwallon kwando ta duniya FIBA ta karɓa a 1984. Layin FIBA yanzu yana mita 6.75 daga kwando.

Shi kuwa mai wasan bai zauna gadin abin da ya ƙirƙira ba. Ya auri Maude Sherman a 1894, suka haifi 'ya'ya biyar. A 1895 ya koma birnin Denba yana aikin YMCA yana karatun likita, ya zama likita a 1898. A wannan shekarar Jami'ar Kansas da ke garin Lawrence ta ɗauke shi ya kula da ɗakin ibada da sashen motsa jiki. Ya kafa musu ƙungiyar ƙwallon kwando, ya riƙe ta har 1907: ya ci wasa 55, an ci shi 60. A duk tarihin wannan jami'a, wadda take cikin manyan gidajen ƙwallon kwando na Amurka, shi kaɗai ne kocin da asararsa ta fi nasararsa yawa. Mutumin da ya ƙirƙiro wasan!

Na daɗe ina juya wannan a raina. Dalilin dai a bayyane yake: bai ɗauki cin wasa da zafi ba. Sau da yawa in ƙungiyarsa tana wasa, shi usur yake ɗauka ya yi alƙalanci maimakon ya zauna a benci. A ganinsa wasan na 'yan wasa ne, su shiga su yi, ba sai wani ya tsaya a gefe yana juya su ba. Kuma zamanin yana tare da shi, domin a farkon ƙarni na 20 dokar jami'o'in Amurka ta hana koci ba da umarni ana cikin wasa, in ya yi a gargaɗe shi, in ya sake a ba abokan karawa jifan kyauta. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka yarda koci ya yi magana da 'yan wasansa lokacin ɗan hutun da ake nema. A nan ni ban bi Naismith ba, gaskiya. Ɗalibinsa Phog Allen, wanda ya gaje shi, ya nuna cewa horarwa ilimi ce mai zaman kanta, ya kuma yaye manyan kociyoyi irin su Adolph Rupp da Dean Smith. Da a ce muna da koci na gaske a benci ranar nan, da tun ina laifi uku ya zaunar da ni na huce.

Akwai wani ɗalibinsa da ya kamata mu sani, John McLendon, baƙar fata, wanda ya shiga Jami'ar Kansas a 1933 lokacin da ba a sa baƙi a ƙungiyar jami'ar. Naismith, yana tsoho ya haura saba'in, ya ja shi a jiki ya koya masa wasan, ya tsaya masa a kan wariyar da ake nuna masa har ya gama a 1936. McLendon ya zama babban koci, ya shahara da salon kai hari da gudu kafin abokan karawa su koma gida, ya ci kofin ƙasa na ƙananan jami'o'i sau uku a jere daga 1957 zuwa 1959 da Tennessee State. Shi ne kuma ya horar da ƙungiyar Cleveland Pipers a gasar ABL ɗin nan da ta fara jifan maki uku.

Sauran rayuwarsa zan taƙaita. Ya yi aikin limamin sojoji a iyakar Amurka da Meziko a 1916, ya yi wata 19 a Faransa tare da YMCA lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1925. Bai yi arziki da wasan ba. Da aka sa ƙwallon kwando a gasar Olamfik karon farko a Balin ta Jamus a 1936, sai da kociyoyin Amurka suka yi karo-karo a filayen wasa aka tara masa kuɗin tafiya. Yana da shekara 74 ya zauna ya ga ƙasashe suna buga abin da ya haɗa don ya lallashi mutum 18. A waje aka yi gasar, a filin ƙasa, kuma ranar wasan ƙarshe aka tafka ruwa fili ya zama taɓo, ƙwallo ta ƙi tashi. Amurka ta ci Kanada 19 da 8, Meziko ta zo ta uku, shi ya miƙa lambobin: ƙasar da ya koma ta doke ƙasar da aka haife shi. FIBA, wadda aka kafa a Janiba a 1932, ta naɗa shi shugabanta na girmamawa. Matarsa Maude ta rasu a 1937, shekarar da ya yi ritaya. Ya sake aure a tsakiyar 1939, a watan Nuwamba jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa, ya mutu ranar 28 ga watan a Lawrence yana da shekara 78.

Shafuka biyun nan da ya manna a allo suna nan. A Disamba 2010 aka yi gwanjonsu a kan dala miliyan 4.3, wanda ya saya ya kai su Jami'ar Kansas. Zauren tunawa da gwarzayen wasan da ke Springfield sunansa yake ɗauke da shi, kuma a 2008 aka shigar da Hakeem Olajuwon ɗan Legas a ciki. Kofin NBA na farko da ya je ƙasar haihuwar Naismith kuwa, a 2019, Toronto Raptors ce ta ɗauka, a ƙarƙashin shugabancin Masai Ujiri wanda ya tashi a Zariya, nan kusa da mu.

To mu koma gaban teburinmu, tunda na yi wa abokina alkawarin hujja. A dokar FIBA, wadda ita ake bi a Najeriya, takanikal laifi ne na hali, ba na taɓa jiki ba. Ya haɗa da yi wa alƙali ko mutanen tebur magana ta rashin ladabi, ƙin jin gargaɗi, tsokanar abokin karawa, kaɗa masa hannu a gaban ido, ɓata lokaci da gangan, faɗuwar ƙarya don a ce an yi maka ƙeta, da lilo a jikin zobe ba don kauce wa rauni ba. Hukuncinsa jifan kyauta ɗaya, sannan a ci gaba daga inda aka tsaya, ƙwallo a hannun wanda take hannunsa. Masu cewa jifa biyu tsohuwar doka suka riƙe, tun 2014 aka mayar da shi ɗaya. Ana rubuta shi a cikin laifi biyar na ɗan wasa, ana kuma ƙirga shi a laifin ƙungiya. Wanda ya yi biyu a wasa ɗaya ya fita ke nan, ko da ba shi da wani laifin. Koci ma in ya yi biyu da bakinsa an kore shi, haka in suka kai uku a haɗe da na mutanen bencinsa. Namu magoya bayan kuwa NBA suke kallo a gidan kallo, inda laifi shida ke fitar da mutum kuma takanikal na rashin ɗa'a ba ya shiga cikin shidan. Kowane ɓangare da dokar da yake ihu a kanta, ba kuma wadda muke wasa da ita a ciki. Rafalin nan da na zaga shi kaɗai ne a filin ya san wadda ake bi.

Ƙeta ta huɗun dai ina nan a kan bakana, hannuna bai taɓa yaron ba. Sai dai ita jifa daga gefe kawai ta jawo mana, muna gaba da maki biyu. Ta biyar ɗin, wadda ba mai gardama a kanta, ita ce ta ba da maki.

Ina roƙon daraktan wasanni na ƙungiyar ɗalibai, kafin gasar bana, a buga taƙaitattun dokokin FIBA a manna a bakin fili kamar yadda Naismith ya manna nasa, a tara kaftin-kaftin a karanta musu, a samo alƙalai biyu a ciki, a kuma sa mutum uku a tebur: mai maki, mai agogo, mai ƙirga laifi. Na riga na kai sunana a ɗaya daga cikin kujerun tebur ɗin, tunda sashenmu ya ce bana ba zai ba ni riga ba. Rafalin kuma, malamin wata sakandare ne, na nemi lambarsa na kira shi daga Birnin Kudu kafin a dawo hutu. Na gaishe shi, na ce Malam ni ne mai lamba bakwai. Ya yi dariya ya ce bai manta ba, ya kuma tambaye ni ko ƙwallon ta sauko.